Afuwar Shugaba: Wa Ya Tambayi Mai Haƙƙi?

George Burdick editan labaran cikin gari ne a jaridar New York Tribune. Jaridarsa ta buga labarin maguɗin da ake tafkawa a harkar kwastan, sai masu binciken kotun tarayya suka kira shi, suka ce ya faɗi wanda ya tsegunta masa. Ya ce ba zai faɗa ba, domin tsarin mulkin Amurka ya ba mutum damar kame bakinsa idan amsar da zai bayar za ta iya jefa shi cikin tuhuma. Gwamnati ta shiga neman yadda za ta toshe wannan kafa. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a wata takardar afuwa wadda ta yafe wa Burdick duk laifin da mai yiwuwa ya aikata dangane da wannan labari. Lissafinsu shi ne, tunda an yafe masa tun kafin a tuhume shi, ba shi da sauran abin tsoro, tilas ya buɗe baki. Aka miƙa masa takardar, ya ƙi karɓa. Aka ci shi tara saboda raina kotu, ya ɗaukaka ƙara. A watan Janairun 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya. Ta ce ba a ɗora wa mutum afuwa dole, domin afuwa tana tafe da tabon laifi, wanda ya karɓe ta kuwa tamkar ya amsa ne cewa ya aikata.

Lauyoyi har gobe suna jayayya a kan iya nauyin wannan magana a shari'ance. Amma wanda bai taɓa leƙa ajin lauya ba ya san gaskiya ce, don babu mai gaskiyar da zai ji daɗi a ce an yafe masa satar da bai yi ba. Mutane a zamansu na yau da kullum sun fahimci afuwa sarai. Shugabanni ne suka rikita ta. Ikon afuwar da ke hannunsu, wanda Amurka da Najeriya duka suka gada daga sarakunan Ingila, ya yi nisa da yafiyar da mutum ke yi wa ɗan'uwansa, kuma a ganina wannan nisan ne ya mai da shi garkuwar 'yan mowa.

Turawan Ingila sun yi suna wajen yawan ba da haƙuri. A cikin jirgin ƙasa na Landan, wanda ya taka ka zai ba ka haƙuri, kai da aka taka ma ka ba shi. Wanda gyatsa ta kufce masa a wurin cin abinci, ko bai ji abin da ka faɗa ba, zai nemi afuwarka da kalmar nan guda da ake rubutawa a takardar da sarki ke ceton wanda za a rataye. Wani malamin falsafa na Jami'ar Oxford, J. L. Austin, ya ɗauki wannan ƙaramin al'amari da muhimmanci, har ya gabatar da lacca a kan uzuri a 1956. Ya nuna cewa idan aka zargi mutum, yana iya cewa e ya yi kuma abin da ya yi daidai ne, ko ya ce ya yi amma ba da niyya ba. Na farko hujja ce, na biyu uzuri. Ya kawo misalin jakai biyu masu kiwo a fili ɗaya, naka da na maƙwabcinka. Ka yi niyyar harbe naka, ka auna, ka harba, da ka matso sai ka ga ashe na maƙwabci ne: wannan kuskure ne. In kuwa naka ka auna sosai, amma daidai lokacin da ka harba jakunan suka motsa harsashi ya sami nasa, wannan tsautsayi ne. Ko ta yaya jakin maƙwabci ya mutu, amma kalmar da za ka faɗa a ƙofar gidansa ta bambanta, shi ma yadda zai amsa maka zai bambanta.

Abin lura a misalin nan shi ne inda mai harbin ya nufa. Ƙofar mai jaki ya je. Shi ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi, mai jakin kuma shi ke da ta cewa, ya haƙura ko ya ce a biya shi. Inda babu hujja kuma babu uzuri, nan ne afuwa ke shigowa: na yi, da gangan na yi, ba ni da abin cewa, ka yafe mini. Haka kowace al'umma ta san ta. Ku duba yadda ake yi a wurin jana'iza. Bayan an yi wa mamaci sallah, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya roƙi jama'a su yafe masa abin da ya yi musu, sannan ya ƙara da cewa duk mai bin sa bashi ya zo ya same su. Liman da duk girmansa ba ya cewa ya yafe bashin a madadin masu shi, domin ba kuɗinsa ba ne.

Asalin afuwar sarki a Ingila faci ce da aka yi wa doka mai tsauri. A ƙarni na 13 dokarsu ba ta da isasshen gurbin uzuri a shari'ar kisa. Wanda ya kashe mutum bisa tsautsayi, ko wajen kare kansa, ba a sallamarsa kai tsaye. Dokar Gloucester ta 1278, a zamanin Sarki Edward na 1, ta tanadi cewa alƙalai su binciki yadda abin ya faru su sanar da sarki, shi kuma ya yi afuwa idan ya ga dama. Ke nan aikin da alƙali ke yi a yau idan ya karɓi uzuri, da afuwar sarki ake yin sa a wancan zamani. Sai dai ba a je ko'ina ba sarakunan suka gano cewa abin yana da wani amfanin. Edward na 1 da Edward na 3 sun riƙa yafe wa masu kisa da 'yan fashi bisa sharaɗin su shiga rundunar yaƙi. Majalisa ta yi ta ƙorafi cewa ana sakin mugaye su dawo gari, har a 1390 aka kafa dokar da ta ce afuwar kisan gilla ko cin amanar ƙasa ko fyaɗe ba ta zama sai an ambaci laifin ƙarara a cikin takardar. Tun shekaru ɗari shida da suka wuce ke nan ake fama da shugaban da ke son ya yafe laifi ba tare da ya kira sunansa ba.

Akwai wata iyaka a tsohuwar dokar Ingila da ba a cika tunawa da ita ba, kuma ita ta fi burge ni. Idan aka kashe mutum, matarsa ko magajinsa na iya shigar da ƙara da sunan kansu, ba da sunan sarki ba. In aka sami wanda ake ƙara da laifi ta wannan hanya, sarki ba shi da ikon yafe masa, saboda ƙarar ba tasa ba ce. An soke wannan hanya a 1819, bayan wani da ake ƙara ya tono tsohon haƙƙinsa na neman a raba gardama da faɗa tsakaninsa da mai ƙara, kotu kuma ta rasa yadda za ta hana shi. Da aka soke ta, sai laifin kisa ya zama magana tsakanin mai laifi da gwamnati kaɗai, dangin mamaci suka koma 'yan kallo. Iyaka ta biyu ta fito ne daga rikicin 1679, lokacin da Sarki Charles na 2 ya yi wa ma'ajinsa, Danby, afuwa don ya hana majalisa tuhumarsa a kan ma'amalar sirri da Faransa, ma'amalar da sarkin kansa ke da hannu a ciki. Majalisa ta ƙi yarda, Danby ya shafe shekara biyar a tsare, a 1701 kuma doka ta tabbatar cewa afuwar sarki ba ta tsayar da tuhumar majalisa.

Mai karatu da ya zauna gaban malamai ya san wannan iyaka ta farko ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shari'ar Musulunci, haƙƙin ƙisasi na waliyyan jini ne. Su ke da zaɓin su nemi hukunci, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah, sarki ba ya yafewa a madadinsu. A mazhabar Malikiyya, ko sun yafe wa wanda ya yi kisa da gangan, ana yi masa bulala ɗari a tsare shi shekara guda, domin al'umma ma tana da nata haƙƙin. Labarin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata a zamanin Manzon Allah (SAW) kuma sananne ne. Danginta suka tura Usama ɗan Zaid, wanda Annabi ke matuƙar so, ya nema mata ceto. Annabi ya nuna ɓacin ransa, ya yi wa jama'a bayanin cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata, da hukunta mai rauni idan ya yi. Addinin da ya fi kowa kwaɗaitar da yafiya shi ne kuma ya tsaya kai da fata cewa mai haƙƙi ne ke yin ta.

Wani wurin da afuwa ke zama maganin da bai dace da ciwon ba shi ne idan aka ba da ita ga wanda bai yi komai ba. Adolf Beck, ɗan asalin Norway mazaunin Landan, an ɗaure shi a 1896 bisa laifin damfarar mata kayan adonsu, aka sake kama shi da irin wannan laifi a 1904, alhali wani mutum dabam ne ke aikatawa. Da aka kama mai laifin na gaskiya, abin da gwamnati ta iya yi wa Beck shi ne afuwa da diyyar fam 5,000, domin a lokacin babu kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuffuka. Kunyar wannan shari'a na daga cikin abin da ya sa aka kafa ta a 1907. Timothy Evans bai ma yi wannan sa'a ba. An rataye shi a watan Maris na 1950, yana ɗan shekara 25, bisa zargin kashe jaririyar 'yarsa. Babban shaidan gwamnati a kansa shi ne maƙwabcinsa John Christie, wanda suke gida ɗaya. A 1953 aka tono gawarwakin mata a cikin wannan gida, aka gane Christie ne makashi. Sai a 1966 aka yi wa Evans afuwa, shekara 16 bayan an binne shi. Gwamnatin da ta kashe shi bisa kuskure ita ce ya kamata ta durƙusa ta nemi afuwar danginsa, amma ita ta zauna a kujerar mai yafewa.

Irin wannan ce ta faru da Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na ƙabilar Ogoni da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye ranar 10 ga Nuwamban 1995, bayan shari'ar wata kotu ta musamman da duniya ta yi tir da ita. Ranar 12 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ce ya yi musu afuwa. Dangi da masu fafutuka suka ce abin da suke nema shi ne a wanke su, a ce ba su yi ba. Maganarsu ita ce dai maganar Burdick, shekara 110 bayan tasa.

Da Amurkawa suka zo rubuta tsarin mulkinsu a 1787, sai suka ɗauko ikon sarki kusan ɗungurungum suka miƙa wa shugaban ƙasa. Iyakarsa biyu ce kawai: laifin ya zama na tarayya, kuma afuwa ba ta shiga maganar tsigewa. George Mason na Virginia ya yi gargaɗi a 1788 cewa wata rana shugaba zai iya yafe laifin da shi da kansa ya sa aka aikata, ya kuma toshe bincike ta hanyar yin afuwa tun kafin a yi tuhuma. Alexander Hamilton ya kare ikon da hujjoji masu ƙarfi. Ya ce doka dole tana da tsauri, in babu ƙofar sassauci adalci zai koma rashin tausayi, kuma a lokacin tawaye afuwar da aka yi a kan kari tana iya dawo da zaman lafiya. Ya kuma yi tsammanin mutum ɗaya zai fi taron jama'a jin nauyin abin da ya sa wa hannu. Shugaba George Washington ya gaskata shi a 1795 da ya yafe wa mutum biyu da aka yanke wa hukuncin kisa bayan boren harajin giya. Tarihin shekaru hamsin na baya-bayan nan kuwa Mason yake gaskatawa.

Ranar Lahadi, 8 ga Satumban 1974, wata guda bayan Richard Nixon ya yi murabus saboda badaƙalar Watergate, Gerald Ford da ya gaje shi ya fito a talabijin ya ce ya yafe masa duk laifin da ya aikata, ko mai yiwuwa ya aikata, tun daga ranar da ya hau mulki a 1969 har ranar da ya sauka. Ba a kai ga tuhumar Nixon ba, shi kuma bai amsa wani laifi ba, kurakurai kawai ya ce ya yi. Yaransa suka tafi gidan yari, ciki har da tsohon ministan shari'a John Mitchell da ya yi wata 19. Zan yi wa Ford adalci. Ya fito da kansa ya faɗi dalilinsa, cewa ƙasa ba za ta warke ba muddin ana jan tsohon shugaba a kotu shekara da shekaru. Kakakinsa ya ajiye aiki don nuna rashin yarda. Ford ya je gaban kwamitin majalisa a watan Oktoba ya amsa tambayoyi, ya kuma sha kaye a zaɓen 1976. An ce har ya tsufa yana ɗauke da guntun hukuncin Burdick a jakar kuɗinsa, yana nuna wa masu sukarsa cewa karɓar da Nixon ya yi ita ce amsa laifinsa. Ya ji nauyin abin da ya yi, ya kuma biya farashinsa. Duk da haka ƙofar da ya buɗe, ta yafe laifin da ba a kira sunansa ba ga mutumin da bai ce ya yi ba, ba ta sake rufuwa ba.

George Bush babba ya yafe wa tsohon ministan tsaro Caspar Weinberger a jajibirin Kirsimetin 1992, ana gab da fara shari'arsa a badaƙalar sayar wa Iran makamai, badaƙalar da ta faru lokacin Bush yana mataimakin shugaba. Bill Clinton a ranarsa ta ƙarshe a 2001 ya yafe wa attajiri Marc Rich, wanda ya gudu Switzerland don kauce wa shari'a, tsohuwar matarsa kuma ta ba da gudummawa mai tsoka ga ɗakin karatun Clinton. Joe Biden ya sha faɗa cewa ba zai yafe wa ɗansa Hunter ba, ranar 1 ga Disambar 2024 ya yafe masa duk abin da ya yi tun daga farkon 2014. Donald Trump a ranar da ya dawo mulki, 20 ga Janairun 2025, ya yi afuwa ko sassauci ga mutum kimanin 1,500 da aka tuhuma da afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, harin da aka raunata 'yan sanda kimanin 140 a cikinsa. Jam'iyyun biyu babu mai bakin yi wa wata gori.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta dandalin Nisour a Bagadaza. Ranar 16 ga Satumban 2007, masu gadi na kamfanin tsaro na Blackwater suka buɗe wuta a shataletale mai cunkoson motoci, suka kashe fararen hula 17, ciki har da yaro ɗan shekara tara da ke zaune a bayan motar mahaifinsa. Wani alƙali ya kori ƙarar a ƙarshen 2009, aka ɗaukaka, aka dawo da ita. A 2014 shaidu da dama suka taso daga Iraƙi zuwa Washington, suka tsaya a gaban kotun ƙasar da ta mamaye tasu, suka ba da labarin yadda 'ya'yansu da 'yan'uwansu suka mutu. Aka sami mutum huɗu da laifi, ɗaya aka yi masa ɗaurin rai da rai. A watan Disambar 2020 Trump ya yafe wa dukansu huɗun. Wanda ya kafa kamfanin ƙanin ministar ilimin Trump ta lokacin ne. Mutanen da suka yi shekara bakwai suna jiran ranar shari'a, suka ketare teku saboda sun yarda da alƙawarin adalci, a labarai suka ji cewa an yafe jinin 'ya'yansu.

Najeriya ta gaji wannan iko ta hanyar mulkin mallaka. Sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni irinsa a jihohinsu. A cikin wannan majalisa akwai tsofaffin shugabannin ƙasa, tsofaffin alƙalan alƙalai, shugabannin majalisun dokoki biyu, da gwamnoni 36 masu ci. Ke nan idan sunan tsohon gwamna ya zo gabanta, mafi yawan masu ba da shawarar mutane ne da gobe su ma za su zama tsofaffin gwamnoni. A watan Maris na 2013 Goodluck Jonathan ya yafe wa tsohon maigidansa na Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, wanda ya tsallake beli daga Landan a 2005, ya kuma amsa laifi a kotu a 2007. A watan Afrilun 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari, wadda ta hau mulki da alƙawarin yaƙi da cin hanci, ta yafe wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, bisa dalilin shekaru da rashin lafiya. Shari'ar kowannensu ta ci shekara 11 kafin a yanke hukunci a 2018, ta kuma bi duk matakai har Kotun Ƙoli. Kuɗin da aka kama Dariye a kansu sun haura Naira biliyan ɗaya, na asusun magance zaizayar ƙasa da matsalolin muhalli. Masu haƙƙin waɗannan kuɗi su ne talakawan Filato, kuma babu wanda ya tambaye su ko sun yafe.

Ku haɗa wannan da abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara Naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni don biyan tarar fursunoni sama da 4,000 da ke zaune a gidajen yari saboda kawai sun kasa biya. Kuɗin da suka riƙe mutum dubu huɗu a kurkuku sun kai kusan rabin abin da aka ɗaure mutum guda a kansa, kuma shi ya riga su fita da fiye da shekara. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ma jiran shari'a suke yi, wasunsu sun wuce shekarun da za a yanke musu da an same su da laifi. Su ba su da wanda zai kai sunansu fadar shugaban ƙasa.

Ba ina cewa a soke ikon afuwa ba. Hujjar Hamilton tana nan da ƙarfinta. Afuwar gama-gari da Janar Yakubu Gowon ya yi bayan yaƙin basasa a 1970 ta hana ramuwar gayya, haka wadda Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982 ta dawo da shi gida bayan shekara 12 yana gudun hijira. Jimmy Carter a 1977 ya yafe wa samarin da suka ƙi zuwa yaƙin Vietnam. Barack Obama ya rage wa fursunoni 1,715 wa'adi, akasarinsu waɗanda dokokin miyagun ƙwayoyi suka yi wa ɗauri mai tsawon da ya wuce hankali, dokokin da suka fi faɗawa kan baƙaƙen fata matalauta. Duk waɗannan an yi su a fili, an faɗi dalilinsu, kuma mai afuwar ba ɗansa ko ubangidansa ya ceta ba. Tsoho mai ciwon ajali da ya yi shekara talatin a kurkuku ya cancanci ya mutu a gaban iyalinsa, kuma doka ita kaɗai ba za ta iya ba shi wannan ba.

Afirka ta Kudu ta nuna cewa ana iya kusanto da afuwar gwamnati zuwa ga afuwar da mutane suka sani. Hukumar gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta bayan mulkin wariyar launin fata ta karɓi takardun neman afuwa sama da 7,000, ta amince da 849 kacal. Sharaɗin shi ne mai laifi ya zo da ƙafarsa, ya faɗi duk abin da ya yi, sau da yawa a gaban dangin wanda ya kashe, su kuma suna da damar yi masa tambaya da nuna rashin amincewa. 'Yan sandan da ɗan gwagwarmaya Steve Biko ya mutu a hannunsu a 1977 sun nema, aka hana su a 1999 saboda ba su faɗi gaskiya duka ba. Tsarin bai gamsar da kowa ba, dangin Biko ma sun ƙalubalance shi a kotu tun farko. Amma a 2010, da gwamnati ta so ta yi wata afuwa ta musamman ga masu laifuffukan siyasa ba tare da jin ta bakin waɗanda aka zalunta ba, kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce dole a saurare su tukuna.

Mu ma mun ga cewa murya tana aiki. A watan Oktoban 2025 fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunaye 175 na waɗanda aka yi wa afuwa ko sassauci, ciki har da masu laifin kisa da fataucin miyagun ƙwayoyi. Jama'a suka yi caa, kafin wata ya ƙare aka sake duba jerin, aka cire wasu, aka mayar da afuwar wasu ragin wa'adi. An gyara ne saboda an ga sunayen. Wannan ya shafi Abuja, inda idon 'yan jarida yake. A jihohi, inda gwamnoni ke sakin fursunoni a lokutan bukukuwa, sau da yawa adadi kawai ake ji a rediyo, ba suna, ba laifi, ba dalili.

Don haka kirana ga 'yan majalisar tarayya da na jihohi, tunda kullum ana cikin maganar gyaran tsarin mulki, shi ne su taɓa sashe na 175 da na 212. A wajabta buga sunan duk wanda za a yi wa afuwa, da laifinsa, da dalili, kafin a sa hannu. A sanar da wanda aka zalunta ko magadansa, a ji ta bakinsu a rubuce. Wanda aka ɗaure kan dukiyar jama'a kada a saurare shi sai ya amsa laifinsa ya dawo da abin da ya ɗauka. Shugaba ko gwamna kada ya yi afuwa ga danginsa ko ga wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a kan laifin da ya shafi wannan aiki. Wanda kuma aka gano an zalunce shi ne, a mayar da shari'arsa kotu a wanke shi, a biya shi diyya, gwamnati ta ba shi haƙuri. Kai kuma mai karatu, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, ka tambaye shi ko zai goyi bayan wannan gyara, ka kuma riƙe amsar da ya ba ka.